Allurar da ke Cikin Ɗan Ragon Tanti Veturia

Akwai wata dattijuwa a ƙauyenmu da ke gindin duwatsun Bukovina, sunanta Veturia, amma yaro da babba Tanti Veturia suke ce mata. Sana'arta ɗinkin kayan jarirai da ƙyallen ulu, irin wanda ake jiƙa gashin tumaki da ruwan zafi da sabulu a murza har ya kame. Da shi take yanka 'yan takalma da huluna da rigunan 'yartsana, da 'yan dabbobin da ake cusa wa ulu a ciki a ajiye wa jariri a gado.

Maganar gaskiya, ta iya. Idan ta rufe cikin ɗan zomo, sai ka juya shi ka sake juyawa ba ka ga inda allura ta bi ba. Ba ta sa maɓalli ko dutsen ado a matsayin ido, da baƙin zare take ɗinka shi, don kada yaro ya ciro ya haɗiye. Abu ɗaya ne ya ɓata ta: ta san ta iya, kuma ba ta barin kowa ya manta.

Akwai wata Saveta da ta koyi ɗinkin a hannunta, ƙawar 'yarta Dorina ce tun suna ƙanana. Da Saveta ta yi aure sai ta kafa nata teburin a kasuwa. Wannan abu ya tsaya wa Tanti Veturia a rai.

Wata ranar kasuwa ta zo ta tsaya a gaban teburin, ta ɗauki wata 'yartsana, ta sa farce ta ɓanɓaro dutsen idonta, ta ɗaga shi sama.

"Jama'a, ku zo ku gani! Wannan ido ne ko ajalin ɗan wani?"

Saveta ta ce, "Tanti, ta ado ce, ta ajiyewa a kan kabad. Ba ta jarirai ba ce."

"Jariri ya san ta ado? Ke dai ki ce kwaɗayi ne ya fito da ke tun ba ki ƙware ba. Ni tunda nake, aikin hannuna bai taɓa sa ɗan kowa kuka ba."

Saveta ta tattara kayanta, mutane na kallo. Tanti Veturia kuwa ta bi gari tana shan alwashin ƙafarta ba za ta taɓa taka gidan yarinyar ba, kamar ita aka yi wa laifi.

Da Dorina ta haifi 'yarta Irina, sai ta zaɓi Saveta ta zama uwar baftismar yarinyar, wato wadda za ta tsaya mata a coci a matsayin uwa ta biyu. Tsohuwa ta kumbura, ta yi fushinta ta gaji, Dorina ta ce ita fa ƙawarta ta zaɓa. Bayan 'yan watanni ita ma Saveta ta haihu, namiji, aka sa masa suna Gavril.

To, akwai abin da ba wanda ya sani: idon Tanti Veturia ya fara rauni. Ba ta gaya wa ko 'yarta ba.

Ana gab da bikin Ista ta zauna ɗinka 'yan raguna farare, kamar yadda ta saba duk shekara. Ta jera su a kan tebur, duk an cusa musu ulu, saura rufe ciki. Ta ɗauki siririyar allurarta tana neman zura zare, zare ya ƙi shiga. Tana cikin wannan fama sai ta ji ƙaurin madara daga kicin.

Dokar da ta riƙa dukan hannun 'yan koyo a kanta ita ce, allura wurinta biyu ne, ko a yatsa ko a matashin allura. Ran nan ita da kanta ta soka allurar a cikin ulun ɗan ragon da ya fi kusa, ta ruga kicin. Da ta dawo, ta ce a ranta ba za ta kashe idonta a banza ba, ta ɗauko wata allura mai faɗin kafa, ta manta da waccan, ta rufe cikin ragunan ɗaya bayan ɗaya.

Kafin Ista duk an saye su, saura ɗaya. Ta miƙa wa Dorina shi.

"Ungo, kai wa ɗan ƙawar taki. Ya samu ko abu ɗaya a gidan nan da aka ɗinka da hankali."

Dorina ta ce, "Mama, ke kyautarki ma sai ta zo da cizo?" Amma ta kai, ta kuma bar saƙon a hanya.

Sai da aka gama bikin, aka cinye jajayen ƙwan da ake rinawa dominsa, sannan Tanti Veturia ta nemi siririyar allura don wani aiki. Babu ita a matashi. Ta share ɗaki, ta kaɗe darduma, ta zazzage kwandon zare. Tana durƙushe a ƙasa sai ƙaurin madarar nan ya dawo mata a hanci, ta tuna inda ta soka ta.

Allura na cikin ɗaya daga ragunan, ragunan kuma suna gadajen jarirai.

Abin yi a fili yake. Da za ta fito bakin hanya ta faɗa wa mace ɗaya, kafin la'asar duk ƙauye ya ji, kowace uwa ta ɗauke nata. Amma da ta tuna abin da ta faɗa a kasuwa da bakinta, sai ta ji gara ƙasa ta tsage ta shige. Don haka ta nemi dabara.

Ta yanki jan zare, irin wanda muke ɗaura wa kayan jarirai saboda kambun baka, ta shiga bin gidajen da suka saya.

"Na manta ban ɗaura wa ɗan ragon jan zare ba, ku kawo shi."

Iyaye suna ta godiya, wai Tanti akwai kula. Ita kuwa tana ɗaura zare tana matsa cikin ɗan rago, tana murza shi tun daga wuya har wutsiya, tana jiran ta ji tsini. Gida bayan gida ba ta ji komai ba. A ƙarshe gida ɗaya ya rage, gidan Saveta.

A can dabarar ba za ta yi ba. Sauran mata ba su san abin da hannu ke nema ba idan yana murza ulu haka, amma Saveta kallo ɗaya za ta yi ta gane. Ita ta koya mata.

Sai ta fara lallashin kanta. Ai wataƙila allurar ta faɗa tsakanin katakon daɓe. Wataƙila ma tunanin nata ne ya tsufa.

Ranar Lahadi, ana fitowa daga coci, ta tarar da tsofaffin mata sun kewaye Saveta. Gavril na kafaɗarta yana ƙananan kuka, irin na yaron da ya gaji da kukan. A kumatunsa na hagu akwai ɗige-ɗige jajaye, wasu sun bushe, ɗaya sabo.

Saveta na cewa, "Da an kwantar da shi sai ya tsandara ihu. Na sauya katifa, na wanke zannuwa, na duba ko kuɗin cizo ne, ban ga komai ba."

Wata tsohuwa ta ce, "Baki ne, 'yar nan. Yaron ya cika kyau. Ki kashe garwashi a ruwa ki shafa masa a goshi." Ta juyo. "Ko ya kika gani, Veturia?"

Tanti Veturia ta dubi ɗigon nan sabo. Tsakaninsa da ido bai kai faɗin yatsa biyu ba.

Ta ce, "Sauro ne."

"Sauro a wannan sanyin? Ke ma dai!"

Ta gyara ɗankwalinta ta wuce.

Washegari da hantsi ta isa har ƙofar gidan Saveta. Tana jin kukan yaron daga ciki. Ta ɗora hannu a kan ƙyauren shinge, sai ga Nistor mijin Saveta ya fito daga rumfar itace da gatari a kafaɗa.

"A'a! Tanti da kanta? Yau za a yi ruwa da ƙanƙara. Shigo mana, akwai tuwon masara da cuku, da zafinsa."

Maganar tana bakinta. Da ta buɗe shi sai ta ji tana cewa, "Kazata nake nema, wata ja."

"Kazarki ta tsallake gidaje nawa ta zo nan? Lallai ta fi uwargijiyarta zumunci."

Ya yi dariya, ita ma ta yi yaƙe ta juya. Kukan ya raka ta har ta sha kwana.

Ta gwada aiken Dorina, wai ta karɓo ɗan ragon za ta ƙara masa ado. Dorina ta dawo hannu biyu.

"Ta ce ki yi haƙuri, Gavril ba ya yarda a raba shi da shi. Kumatunsa yake ɗorawa a kai ya yi barci. Wai ƙanshin ulun yake so."

Tanti Veturia ta zauna a bakin gado.

A nan ne shaiɗan ya kawo mata shawara ta ƙarshe. Irina ta kusa cika shekara, za a yi mata yankan tukku, wato bikin askin farko, a gidan Dorina. Saveta ce za ta riƙe almakashi, tunda ita ce uwar baftisma, don haka ita da mijinta da ɗanta duk suna can. A ƙauyenmu kuwa ba mai kulle ƙofa da rana. Sai ta ɗinka wani ɗan rago sak irin wancan, har ta goga shi a bango ya ɗan yi dauɗa. Ranar biki za ta zame ta musanya, shi ke nan, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani.

Bikin da saura fiye da mako. Ta zauna tana jira, yaro kuma yana kwana a kan allura. Abinci ya daina shiga mata, amma kullum sai ta ce wa kanta ai saura kaɗan.

Ranar ta zo. Gidan Dorina ya cika, tukunyar ganyen kabeji da aka naɗe da nama na tafasa, maza sun fara ɗaga murya. Saveta ta shigo da Gavril, an manna masa auduga a ƙasan idon hagu, wurin ya kumbura ya yi ja.

Tana gaya wa Dorina, "Likita ya ce wani abu ne mai tsini, wai in duba farcensa. Na yanke farcen har ya kusa jini." Ta hango tsohuwa, ta ɗan rusuna. "Barka da gida, Tanti."

Tanti Veturia ta amsa a ciki. Sabon ɗan ragon na aljihun rigar aikinta, tana jin nauyinsa kamar dutse.

Da aka zaunar da Irina a kan kujera, hankalin kowa ya koma kan almakashi, sai ta zame ta ƙofar baya. Ta bi bayan lambuna har gidan Saveta, ta tura ƙofa, ta nufi gadon jariri. Ta ɗaga bargo, ta ɗaga matashi, ta leƙa ƙarƙashin gado.

Babu ɗan rago.

Ta tsaya tsakar ɗakin mutane tana haki. Sai ta jiyo tafi da guɗa daga can gidan 'yarta, alamar an yanke tukku. Bayan tukku kuwa faranti ne ke biyo baya, wanda uwar baftisma ke jera wa kaya, a miƙa wa yaro ya zaɓi abin da zai zama nasa a rayuwa. Ba ta san dalili ba, amma jikinta ya ba ta. Ta tattare siket ta sa gudu, abin da ta yi shekaru ba ta yi ba.

Ta shigo daidai lokacin da Saveta ta durƙusa gaban Irina da faranti. Akwai littafi, da makulli, da madubi, da zobe, da guntun burodi. A tsakiyarsu ga ɗan ragon.

Saveta ta ɗago tana murmushi, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Wannan na Gavril ne, aro ya ba mu. Na sa shi ne ko Allah zai sa Irina ta gaji hannun kakarta, don duk ƙasar nan ba hannu irinsa. Ni shaida ce, a wurinta na koya. Na ɗan wanke shi, Tanti, ya sha yawu."

Mutane suka yi tafi. Wata ta zunguri tsohuwa, "Kin ji 'yar halak. Sai ki sauko haka nan."

Tanti Veturia ba ta ji su ba. Ɗan ragon take kallo. Ya tsuke, kamar yadda ulu ke yi in ya sha ruwa. Ulu na tsukewa, ƙarfe ba ya tsukewa.

Irina ta dubi madubi, ta dubi makulli. Nistor na cewa, "Ɗauki makulli, 'yar gari, ki saya mana mota!" Yarinya ta miƙa hannu biyu ta wuce su duka, ta rarumo ɗan ragon. Ɗaki ya kaure da shewa. Sai ta yi abin da duk ɗan shekara ɗaya ke yi, ta nufi baki da shi.

"Kar ta sa! Akwai allura a ciki!"

Ba wanda ya taɓa jin muryar Tanti Veturia haka. Ta ture mutane, ta fizge ɗan ragon daga bakin jikarta, ta damƙe shi da dukan ƙarfinta. Allurar ta fito ta gefen wuya ta shige tafin hannunta. Da ta buɗe hannun, farin ulun ya fara rinewa da jini, ga gindin allura yana ƙyalli.

Irina ta fashe da kuka. Ban da ita ba mai motsi.

Saveta ta miƙe a hankali. Ta dubi allurar, ta juya ta dubi audugar da ke fuskar ɗanta, ta daɗe tana kallo.

"Tanti, ya aka yi kika san tana ciki?"



Wata mata daga baya ta ce, "Jan zaren nan... Ashe ba zare kika zo ɗaura mana ba."

A wajen fizgar, kan ɗaya ɗan ragon ya leƙo daga aljihu. Dorina ce ta sa hannu ta zaro shi. Ta riƙe shi kusa da mai jinin, in ba don jinin da tsukewar ba, ba ka bambance su.

"Mama, tun yaushe?"

Tsohuwa ta ce, "Tun bayan Ista."

Nistor ya yunƙuro, maza biyu suka riƙe shi. Saveta kuwa ko murya ba ta ɗaga ba, kuma wannan ya fi duka ciwo.

"Ranar nan a bakin coci kin gan shi. Kika ce sauro ne." Hawaye na zuba, ba ta share ba. "Na farke katifa, Tanti. Na kwance ɗinkin rigunansa ɗaya bayan ɗaya, irin waɗanda na ɗinka da hannuna, ina cewa ni ce na yi sakaci, tunda kin faɗa a kasuwa. Komai na gidan nan na bincika. Ɗan ragon kawai ban taɓa ba, don aikinki ne."

Ta karɓi Gavril daga hannun wadda ke riƙe da shi, ta sumbaci Irina a goshi, ta fita. Mijinta ya bi ta. Baƙi suka riƙa zamewa da ɗai-ɗai, tukunyar kabeji ko buɗe ta ba a yi ba.

Dorina ce ta cire wa uwarta allurar, ta wanke ciwon, ta ɗaure. Da ta gama, ta shiga ɗaki ta kwashe duk 'yan tsanar da kakar ta ɗinka wa Irina, ta zuba a buhu.

Washegari da Tanti Veturia ta buɗe ƙofa, ta tarar da 'yan raguna a jere a kan bencin ƙofar gidanta. Kowanne da jan zarensa a wuya, kowanne an farke cikinsa, ulu a waje. Har da zomaye da 'yan takalman shekarun baya.

Idon Gavril ya tsira, sai ɗan tabo da ya rage a ƙasansa. Hannun tsohuwa ma ya warke, amma ba wanda ya sake kawo mata aiki. Ta je gidan Saveta daga baya, ta shiga ƙofar da ta rantse ba za ta taka ba, ta roƙi gafara tana kuka. Saveta ta ce ta yafe, har ta ba ta kujera ta kawo mata shayi.

Har yau idan suka haɗu a hanya Saveta na gaishe ta da ladabi, "Barka da rana, Tanti." Sai dai kafin ta iso kusa, takan mayar da yaron ɗaya kafaɗar, wadda ba ta gefen tsohuwar ba.

Darasi: Kuskure ba ya zubar da mutunci, ɓoye shi ne ke zubarwa. Da Tanti Veturia ta faɗa ranar da ta tuna, da kunyar yini ɗaya ce, amma girman kai ya sa ta fifita sunanta a kan idon ɗan wani, ta kuma rasa sunan gaba ɗaya. In ka san ka yi abin da zai cutar da wani, faɗa yau, ko da wanda ka raina ne za ka tsaya a gabansa. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman masu sana'ar da ta shafi yara, wataƙila wani na riƙe da maganar da ya kamata ya faɗa.